Kwana Biyar a Dajin Kruger

Ƙanena ne ya fara kawo maganar zuwa dajin Kruger, ni kuma na ɗauki nauyin neman masauki, a zatona aikin yamma ɗaya ne. Saura wata huɗu mu tashi na zauna gaban kwamfuta na buɗe shafin SANParks, hukumar da ke kula da gandun dazukan Afirka ta Kudu. Sai na tarar ana buɗe kama ɗaki tun saura wata 11, kuma masu sanin dawa sun riga sun kwashe ɗakunan da ke bakin kogi. Sansanin Lower Sabie, wanda na fi ƙwallafa rai a kansa, ko ɗaki ɗaya babu a ranakun da muke so a watan Agusta. Na yi ta leƙawa safe da yamma ko wani zai fasa, shiru.

Abin da na samu na harhaɗa: kwana ɗaya a Skukuza, biyu a Satara, ɗaya a Olifants. Daren farko kuwa sai na kama ɗaki a wani gidan baƙi a wajen dajin, a yankin garin Hazyview, saboda sun rubuta cewa minti goma ne zuwa ƙofa.

Mun taso daga Johannesburg da hantsi a motar haya, muka bi babbar hanyar N4 gabas, muka isa da la'asar sakaliya. Gidan ba laifi, ga tsabta ga ruwan zafi. Amma washegari da asuba minti goman nan ya zama arba'in, a kan hanya mai ramuka da duhu. A watan Agusta ƙarfe 6 ake buɗe ƙofofin dajin. Da muka iso ƙofar Phabeni mun iske layin motoci ya miƙe, ga cike takarda, ga nuna fasfo, ga biyan kuɗin shiga. Kafin mu wuce, rana ta ɗaga. Ƙanena ya dubi agogo ya ce, "Yaya, ai zakunan sun gama harkarsu sun kwanta." Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa. Namun dajin da ke farauta da sanyin asuba da gab da magariba suke yawo, idan rana ta take sai su shige inuwa. Wanda ya kwana a ciki, ana buɗe ƙofar sansani ya riga yana tsakiyar daji.

Abu na biyu da ya ruɗe ni taswira ce. Dajin ya haura murabba'in kilomita 19,000, tsawonsa daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 360, ya yi iyaka da Mozambik ta gabas da Zimbabwe ta arewa. A kan kwalta ba a wuce gudun kilomita 50 a awa, a kan burji 40. Wannan ma a takarda ne. Giwa za ta tsaya maka a tsakiyar hanya da ɗanta, kuma ba ka da abin yi sai kashe mota da haƙuri. Da na zauna na yi lissafi daga baya, da ƙyar muke cin kilomita 25 a awa. Da farko har na so in cusa Punda Maria, can ƙuryar arewa, a cikin tsarinmu. Allah ya taimake ni ban yi ba, da mun ƙare kwanakin a tuƙi.

Skukuza shi ne sansani mafi girma, kuma nan hedikwatar dajin take. Kamar ƙaramin gari yake, da kanti da gidan mai da gidan abinci da ɗakin karatu. Sunan laƙabi ne da mutanen Tsonga suka sa wa James Stevenson-Hamilton, wanda ya fara riƙe dajin a 1902, tun yana gandun Sabie, kafin a mai da shi gandun ƙasa a 1926. Mutane sun yi yawa a can, ban ji daɗin hayaniyar ba. Sai dai hanyar da ta tashi daga nan ta bi gaɓar kogin Sabie zuwa Lower Sabie ta biya mu. Lokacin rani ne a wurinsu, ciyawa ta bushe, ganye ya zube, duk dabba sai ta gangaro ruwa. A tafkin Sunset Dam muka tsaya kusan awa guda: dorina sun yi cincirindo sai hanci da kunnuwa, kadoji sun baje a gaɓa baki buɗe, barewa na sanɗa tana shan ruwa tana ɗaga kai.

Satara ce ta shiga raina. Daga Skukuza kilomita 90 da 'yan kai ne, amma sai da muka yini a hanya, har da hutawa a Tshokwane, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da aka yarda mutum ya fito daga mota. Ɗakinmu zagayayye ne mai jinka, an jera shi da 'yan uwansa a da'ira, firjin yana baranda. Ma'aikaciyar da ta ba mu makulli ta gargaɗe mu cewa mu riƙa kulle shi, birai sun iya buɗewa. Da daddare muka ɗauki tocila muka je bakin shingen waya. Wata kura tana sintiri ta waje, taku biyar tsakaninmu, tana ɗingishi irin nasu, ta tsaya ta zuba mana ido, muna jin numfashinta. Can tsakar dare gurnanin zaki ya tashe ni. Ba ƙara ba ce sosai, nishi ne mai kauri da ake ji a ƙirji, yana raguwa har ya ɗauke. Ƙanena ya yi raɗa cikin duhu, "Yaya, ka ji?" Na ce na ji, yi shiru.

Shida saura kwata muna bakin ƙofar sansani, mu ne mota ta uku, sanyi na ratsa riga. Muka kama hanyar burji ta S100, wadda ta bi rafin N'wanetsi. Ƙasar Satara fili ce mai ciyawa mai kyau, shi ya sa jakunan dawa da sauran masu kiwo suke taruwa, zakuna kuma na biye da su. Ba mu yi minti ashirin ba muka same su: zakanya uku da 'ya'ya huɗu kwance a gefen hanya, bakinsu da jini. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya taso ya shinshina tayar motarmu, uwar ta ɗaga kai ta dube mu, ta mayar. Da motocin da suka shigo daga waje suka fara isowa wajen ƙarfe takwas, sun riga sun shige ciyawa, sai jelar ɗaya ake hange.

A kowane sansani akwai allo mai taswira inda baƙi ke maƙala alama mai launi a wurin da suka ga zaki ko damisa ko kyarkeci. Mun riƙa dubawa kafin mu fita. Na lura ba a sa karkanda, saboda mafarautan da ke kashe su don ƙaho kada su samu labari. Abin ya sosa min rai, musamman da muka ci karo da guda biyu a kudancin dajin suna kiwo, ba ruwansu da kowa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro mun fara sha tun kafin mu taso, bisa shawarar likita, don yankin na cikin wuraren da ake kamuwa da ita, ko da yake a sanyin Agusta sauro kaɗan muka gani. Mai kuwa, duk sansanin da muka kwana sai na cika tanki.

Ranar Olifants mun kusa makara. Ƙarfe 6 na yamma ake rufe ƙofa, wanda ya wuce lokaci tara ake cin sa, kuma ba damar ƙara gudu. Garken ɓauna ya tare mu, ɗaruruwa, suna tsallakawa a hankali cikin ƙura, ni kuwa ido na kan agogo. Saura minti bakwai muka shiga. Sansanin a kan tsauni yake, kogin Olifants na malala can ƙasa tsakanin duwatsu. Muka ajiye kaya muka tafi wurin hange ba tare da mun buɗe ɗaki ba. Giwaye sha ɗaya na ƙetare ruwan a jere, ƙaramin cikinsu ruwa ya shanye shi sai hanci a sama. Ƙanena ya miƙo min madubin hangen nesa, ya ce in duba ranar da za a buɗe kama ɗakin Agustan baɗi.