Asabar ɗin da Muka Tsara Hanyar Fas

Asabar, Gombe.

Yau muka zauna muka rubuta tsarin tafiyarmu ta Maroko a takarda, bayan an daɗe ana maganarta a gida da fatar baki. Mu huɗu ne za mu tafi idan Allah ya yarda: Baba, da ni, da uwargida, da ƙanena. Asalin tafiyar ta Baba ce, domin tun muna yara muke jin yana ambaton Fas da burinsa na ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, kuma yanzu da ya haura shekara saba'in, gwiwa ta fara yi masa nauyi, ba na son mu ci gaba da cewa sai baɗi. Watan Janairu ne kaɗai hutuna da na ƙanena suka haɗu, don haka a tsakiyar sanyi za mu je, kuma mun zaɓi mu yi hayar mota mu tuƙa kanmu domin mu riƙa tsayawa a inda Baba ya ce a tsaya.

Da na dawo daga sallar asuba na tarar hazo ya lulluɓe gari har ba a hango ƙarshen layinmu, shi ya sa abin da na fara rubutawa bai shafi Maroko ba tukuna. Kowa a nan ya san yadda hazo ke hana jirage sauka da tashi a wannan lokacin, saboda haka ba za mu bar zuwa Abuja sai ranar da jirgin Kasabalanka zai tashi ba. Za mu riga shi isa da kwana biyu, mu sauka a gidan 'yar'uwarmu, Baba ya huta kafin ya zauna a kujerar jirgi na kusan awa biyar.

Daga nan na buɗe taswira na soma auna garuruwa. Wani abu ya ja hankalina game da lokaci: a mafi yawan shekara agogon Maroko daidai yake da na Najeriya, amma a Janairu rana ba ta fitowa a Fas ko Rabat sai ƙarfe takwas ta wuce, sannan ta faɗi wajen shida da rabi na yamma. Ke nan wanda ya ce zai yi sammako ya kama hanya da bakwai, cikin duhu zai tuƙa. Ga shi kuma hunturunsu shi ne daminarsu, sanyi da ruwan sama tare suke zuwa, kwalta na yin santsi. Wannan ne ya sa na gindaya sharuɗɗa kafin in zaɓi gari ko ɗaya: ba za mu tashi ba sai an karya kumallo rana ta ɗaga, tuƙin yini ba zai wuce awa uku ba sai da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma la'asar za ta same mu a masauki. Duk garin da bai shiga cikin wannan ma'auni ba, komai kyansa, an bar shi.

Wajen ƙarfe goma ƙanena ya iso da nasa jerin a waya, kuma na ga ya yi aiki a kansa da gaske. Ya saka Shafshawan, garin nan mai shuɗayen bangaye a arewa, ya saka Tanja, ya saka Marakish, amma abin da ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne Marzuga, inda ake hawan raƙuma a kwana a tanti cikin tudun rairayi.

"Yaya, a ce mun je Maroko mun dawo ba mu ga sahara ba? Kwana biyu kacal fa za mu ƙara."

Na juya masa kwamfutar na nuna masa hanyar. Daga Fas zuwa Marzuga kimanin kilomita 470 ne, wato kamar a yi Gombe zuwa Bauchi sau uku a jere, sai dai wannan ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce. Tana ratsa duwatsun Atlas ta Ifran da Azru da Midalt, tana hawa sama da mita 2,000, kuma idan dusar ƙanƙara ta zuba hukuma kan sauke shinge ta rufe ta har sai motocin share hanya sun wuce. Daga Marzuga kuma idan za a ɓullo Marakish sai an bi ta mashigin Tizi n'Tishka, mai tsayin mita 2,260, inda kwana ke bin kwana a gefen rami. Babu ɗayanmu da ya taɓa tuƙi a kan ƙanƙara. Na ce masa ko da mu samari muna iya jurewa, ya tuna cewa a kujerar baya akwai dattijon da ba ya iya awa biyu a zaune ba tare da ya miƙe ƙafa ba, kuma daren sahara a Janairu sanyinsa kan kai ga daskarar da ruwa. Ya yi shiru yana kallon taswirar, sannan ya ce to a bar masa Marakish. Na amince nan take, domin tafiyar tasa ce shi ma, kuma babbar hanya ce ke kai mutum can daga Kasabalanka, kilomita kusan 240, babu hawan dutse.

Bayan azahar muka shiga ɗakin Baba da takardar. Yana zaune a kan buzunsa da tazbaha, ya sa tabarau, ya ce in ƙara girman taswirar. Ya ɗora yatsa a kan Fas bai ɗauke ba, ya tambayi kwana nawa na ware mata. Na ce uku.

"Uku ba za su isa ba. Ranar da muka sauka ta gajiya ce, ranar da za mu tashi ta haɗa kaya ce. Me ya rage? Ina son Juma'a ta same ni a can, in zauna zikirin yamma a zawiya kafin magariba."

"To Baba, idan aka mayar da su biyar sun yi muku?"

Ya ce sun yi, sannan ya ƙara da abin da ban sa a lissafina ba: tunda za mu yi niyyar zama fiye da kwana huɗu, a Fas cika salla za mu yi bisa mazhabar Malikiyya, ƙasaru kuwa sai a sauran garuruwan da za mu ratsa. Na rubuta wannan a gefen takardar. Daga wannan zama ne tsarin ya sami ginshiƙinsa, domin sai na koma na lissafa komai daga ranar Juma'ar Fas zuwa baya, ta yadda za mu shiga garin ranar Laraba, Baba ya sami Alhamis ya warware gajiya.

A kan Fas na fi ɓata lokaci yau, kuma ta cancanci haka. Tsohon garin, wanda suke kira Fas al-Bali, mota ba ta shiga cikinsa. Lunguna ne matsattsu, da alfadari da kura ake dakon kaya. Zawiyar Shehu, wanda ya rasu a 1815 aka binne shi a nan, tana can ƙasa kusa da masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859. Yawancin baƙi ta ƙofar Bab Bujlud suke shiga, amma daga can gangara ce mai tsawo, kuma duk abin da mutum ya gangara sai ya hau shi a dawowa. Ga mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka na nemi masauki a ɓangaren Rasif, inda mota ke iya isowa kusa, tafiyar ƙafa zuwa zawiya ba ta da nisa. Na rubuta wa gidaje uku da tambayoyi iri ɗaya: ko akwai ɗaki a hawa na ƙasa, ko akwai na'urar ɗumama ɗaki mai aiki, ko ruwan zafi na zuwa da asuba, da kuma inda za a ajiye mota ta kwana a tsare. Tsofaffin gidajen nan masu tsakar gida da tayil an gina su ne domin su riƙe sanyi a lokacin zafi, a hunturu kuwa, da dare ke saukowa wajen digiri biyar, kyansu ba ya hana mutum rawar ɗari. Na fi son ɗaki marar ado mai ɗumi.

Abin da ni kaina nake ɗoki shi ne karatun hizbi da ake yi a masallatansu cikin jam'i bayan asuba da bayan magariba, da ruwayar Warshu, irin wadda muka tashi da ita a makarantar allo. Ina so in zauna a sahu kusa da Baba in ji ana karanta Alƙur'ani da kalmomin da malaminmu ya biya mana, a garin da littattafai da malamai suka daɗe suna fitowa zuwa ƙasashenmu. Uwargida kuwa majemar Shuwara take son gani da kasuwar yadi, kuma na ware mata safiya guda domin haka, ba tare da an haɗa ta da wani abu ba.

Cikin kwanakin biyar na bar guda biyu a buɗe. Idan gari ya yi kyau za mu leƙa Miknas, kimanin kilomita 60, mu ci abincin rana mu dawo. Ɗaya ranar ta Ifran ce, domin ƙanena ya ga dusar ƙanƙara da idonsa tunda an hana shi sahara. Garin yana kan tsayin mita 1,665, kuma a can ne aka taɓa auna sanyin da ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifiri a 1935. Nisansa daga Fas bai fi na Miknas da yawa ba, amma na rubuta sharaɗi a gabansa: sai mun tambayi mai masauki halin da hanya ke ciki a safiyar ranar, idan aka ce ana zuba, mun fasa, kuma ko an je Baba na iya zamansa a Fas tare da uwargida idan bai ji ƙarfin jiki ba.

Da la'asar sakaliya muka je babbar kasuwa wajen 'yan gwanjo. Mai rumfar ya kwance wata dila a gabanmu, ya riƙa zaro riguna yana kakkaɓewa, warin ajiya na tashi. Na ce masa ba rigar sanyin hunturun Gombe nake nema ba, ina son wadda ruwa ba ya ratsa ta kuma tana da auduga a ciki. Ya tono wata doguwar kwat mai ruwan toka, na juya cikinta na duba ɗinkin hammata, na ja zif ɗin sama da ƙasa, na sa hannu a aljihu na ji babu huji. Faɗinta ya isa a sa ta a kan kaftani ba tare da ta matse kafaɗa ba, wanda shi ne abin da nake nema, domin na san Baba ba zai yarda ya ajiye kayansa na gida ba. Muka haɗa da safa masu kauri, da safar hannu, da rigunan ciki masu dogon hannu. Takalmi ne ban samu ba. Ina son rufaffe mai taushin tafi wanda ba ya zamewa a jiƙaƙƙen dutse kuma yana da sauƙin cirewa a ƙofar masallaci. Idan mun isa can zan saya masa jallabiyar ulu mai hula irin tasu.

Bayan isha na koma kan batun mota. A hannun dama suke tuƙi kamar mu, wannan ya rage mini fargaba. Iyakar gudu a babbar hanya kilomita 120 ce a awa, a cikin gari 60, kuma jandarmomi na tsayawa da na'urar auna gudu, musamman a mashigar garuruwa, don haka ba wurin gaggawa ba ne ko da mutum na so. Ana biyan kuɗi a tolget, sai mu tanadi canjin dirhami. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai otomatik ta fi tsada kuma sai an kama ta da wuri; mu biyu duka mun iya ta hannu, za a rubuta sunayenmu a takardar hayar domin mu riƙa karɓar juna, kuma zan biya cikakkiyar inshora. Ba za mu karɓi motar a ranar da muka sauka ba. Tasi za mu shiga daga filin jirgi, mu kwana biyu a Kasabalanka, mu yi salla a masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993 a bakin teku, mai hasumiyar mita 210, sai ranar tashi mu ɗauki mota, domin ba na son in fara koyon halin direbobinsu a cunkoson birni mafi girma a ƙasar da gajiyar jirgi a jikina.

Daga can sai Rabat, kilomita 90 ko ƙasa da haka, kwana biyu, mu ga hasumiyar Hassan da aka dakatar da gininta a 1199. Sai Fas, kimanin kilomita 200 a babbar hanya. A dawowa za mu yada zango kwana ɗaya a Kasabalanka maimakon mu zarce, sannan Marakish kwana uku, inda ake hango farin kan duwatsun Atlas daga cikin gari idan sama ta washe, kuma masallacin Kutubiyya na kusa da dandalin Jami'ul Fana. Daren ƙarshe kusa da filin jirgi za mu yi shi. Duka mako biyu ke nan.

Abu ɗaya ne ya rage bai warware ba, wato kuɗin jingina da kamfanonin haya ke riƙewa a katin banki kafin su miƙa makulli. Na aika wa biyu daga cikinsu wasiƙa ina tambaya ko suna karɓar katin dala irin wanda ake cire kuɗi daga asusu kai tsaye, kuma na roƙi su ba ni amsa a rubuce. Idan suka ƙi, za mu ɗauki mota da direbanta a kan wannan tsari ba tare da canza ko kwana ɗaya ba, kodayake kuɗin zai ƙaru. Ranar Litinin zan je banki a kan katin, ƙanena kuma zai tattara fasfo huɗu da katunan rigakafin shawara da hotuna domin neman biza, sannan ya bi mana batun lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa.