Tafiyar awa bakwai da ta ci mana kwana shida

Tun ranar Talata uwargida take cewa a fasa tafiyar. Ta ji a labarai hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin guguwar dusar ƙanƙara da ba a cika ganin irinta ba, kuma Buffalo, birnin da Yaya yake zaune a jihar New York, ce a bakin hanyarta. Ni kuwa na kafe. Shekara biyu rabona da Yaya, yara sun samu hutun Kirsimeti, na riga na karɓi hutu a wurin aiki. Na ce mata hadari nawa muka gani ya haɗu baƙi ƙirin a Kano, iska ta watsa shi? Ba ta tanka ba, sai dai ta cusa barguna uku a bayan mota, da fulas biyu na shayi, da kilishin da muka yi niyyar kai wa Yaya tsaraba.

Ranar Juma'a 23 ga Disamba, 2022, muna idar da sallar asuba muka bar Bronx da ke birnin New York. Ruwan sama ake yi, garin ma ba sanyi sosai. Har na riƙa yi mata tsiya: "Ina guguwar taki?" Muka wuce Scranton da Binghamton lafiya lau.

Muna dab da Syracuse Yaya ya kira. Muryarsa kaɗai ta isa.

"Kana ina?"

"Mun kusa Syracuse, Yaya."

"To ka tsaya. Tun ƙarfe tara da rabi aka hana tuƙi a nan. Ina tsaye a taga, ba na hango motata da ke ƙofar gida."

Na amsa da to, amma ban tsaya ba. Taurin kai ya ce mini in ƙara matsawa kaɗan. Bayan Syracuse abin ya juye cikin ɗan lokaci. Ruwan da ya jiƙa titi ya daskare, kwalta ta koma kamar gilas. Waifa ta yi nauyi da ƙanƙara, tana kankarar gilashi ba ta share komai. Iska na dukan motar daga gefe, sitiyari na neman ƙwacewa daga hannuna. Wata babbar mota ta karkace a gefen hanya, fitilunta na walƙiya. Yaran da ke ta surutu tun safe suka yi tsit. Uwargida ta dafa kafaɗata ta ce, "Baban yara, don Allah."

A kusa da Rochester muka sauka daga babbar hanyar I-90, wadda daga baya aka rufe tun daga nan har iyakar Pennsylvania. A gidan mai wani dattijo ya ga lambar motarmu da yara a baya, ya matso. Ya ce in har mota ta maƙale mana, kada kowa ya fita neman taimako da ƙafa, domin mutum kan ɓace tsakanin motarsa da gidan da ke tsallaken titi. A zauna ciki, a riƙa kunna inji na ɗan lokaci ana kashewa, kuma kafin a kunna a fita a tone bakin salansa. In dusar ta toshe shi, hayaƙi ciki yake dawowa, gubar da ke cikinsa ba wari ba launi, sai dai barci ya ɗauki mutum. Shekara tara ina tuƙi a ƙasar nan, ban taɓa tunanin salansa ba.

Da ƙyar muka samu ɗaki a wani ƙaramin otal. Daga nan muka kalli sauran a talabijin. Iskar ta haura kilomita 110 a awa, tana ratsowa ta kan Tafkin Erie wanda bai daskare ba, ta kwaso danshi ta juye shi a kan Buffalo. Dusar ta wuce inci 50. An rufe filin jirgin sama, motocin kashe gobara da na asibiti ma sun maƙale. Gwamnar jihar New York, Kathy Hochul, wadda 'yar yankin ce, ta kwatanta abin da guguwar 1977. Sama da mutum 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi. Gidan Yaya kwana biyu ba wuta, duka suka taru a ɗaki ɗaya, yana kashe waya don cajin ya kai.

Sai ranar Alhamis 29 ga wata aka ɗage dokar hana tuƙi a cikin birnin. Muka shiga a hankali, tsakanin tsibin dusa da ya fi motar tsayi, ga motocin da aka yasar ana ta janyewa. Mun tarar da Yaya a ƙofar gida riƙe da shebur. Ya rungume yaran, ya gaisa da uwargida, sannan ya dube ni ya ce, "Ina kilishina?" Yara sun cinye shi tun daren Asabar.