Hayar kayak da fatsa a tafkin Lagdo

Sana'ata kai mutane ruwa ce su yi fatsa don nishaɗi. Ina da 'yan ƙananan jiragen roba irin waɗanda ake kira kayak, da sandunan fatsa, da rumfa guda a bakin tafkin Lagdo, kudu da Garwa. Mutum ya zo, mu ba shi jirgi da filafili da rigar ruwa mai hana nutsewa, mu haɗa shi da yaron da ya san wurin, ya je ya yi awanninsa ya dawo. A garin da kamun kifi ne abincin gidaje masu yawa, an daɗe ana mamakin mutumin da zai biya kuɗi don ya kama kifin da zai saya a kasuwa da abin da bai kai haka ba. Har yau akwai masu mamakin, amma sun saba da ganinmu.

Tafkin nan ba daɗaɗɗe ba ne. Sinawa ne suka gina madatsar a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, zamanin Ahmadu Ahidjo, don a samu wutar lantarki a arewacin Kamaru a kuma yi noman rani. Ruwan da ya taru ya haura murabba'in kilomita 500, ya cinye gonaki da daji da duwatsu. Shi ya sa ƙarƙashinsa cike yake da kututture da itatuwan da suka mutu a tsaye, kuma manyan duwatsun da ruwa bai kai kansu ba suka zama tsibirai. Ɗaya daga cikinsu sunan agwada ya ci, saboda yawan agwadar da ke shan hantsi a kan duwatsunsa. Da kifi ya yawaita, sai masunta suka yi ta zuwa: Musgum da Kotoko daga wajen kogin Lagon, Hausawa da sauran mutanen Najeriya, har da mutanen Mali. 'Yan'uwanmu na Yola da Makurdi sun fi sanin sunan Lagdo ta dalilin ambaliya, kamar ta 2012 da ta 2022, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar. Mu kuwa a nan muke kwana muke tashi.

A Kribi na fara ganin kayak, can kudancin Kamaru a bakin teku, inda kogin Lobe ke zubowa. Can masu wannan sha'awa ba sa fita tsakiyar teku. Suna bin bakin kogi da lungunan da ƙasa ta kare su daga igiyar ruwa, suna lissafi da cikar teku da janyewarsa sau biyu a rana. Asalin jirgin na mutanen ƙasashen ƙanƙara ne na can arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan itace ko ƙashi su fita farauta. Na yanzu roba ce mai kauri da aka zuba a ma'auni, tsawonsa mita uku zuwa huɗu, kuma irin da na zaɓa a samansa ake zama, ba a cikinsa ba. Akwai 'yan ramuka a ƙasansa da ruwan da ya fantsamo ke zurarewa, cikinsa kuma rufe yake da iska, don haka ko ya kife ba ya nutsewa. Na sayi nawa na hannu a Duwala, aka ɗora su a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Gaundare, daga nan mota ta ƙaraso da su.

A tafki babu cikar teku, babu gishirin da ke cin ƙugiya. Abin da muke da shi iska ce, kuma ita ce ke tsara mana yini. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da asuba ruwa a kwance yake lumui. Hantsi na ɗagawa iskar arewa maso gabas ta taso, fili kuma ga shi babu abin da zai tare ta, sai ka ga tsakiyar tafki ya yi fari da kumfa. Kayak ba shi da nauyi, iska na ɗaukarsa fiye da yadda take ɗaukar kwale-kwalen katako. Don haka bayan sallar asuba muke fita, mu fara da fuskantar iska tun da sauran ƙarfi a hannu, domin a dawowa ita za ta turo mu gida. Muna bin lungu, bayan duwatsu da tsibirai, ba ma ƙetare buɗaɗɗen ruwa da baƙo, ba ma kusantar bakin madatsa. Ran da hazo ya yi kauri har ba a hango tsallake, ba a fita. Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, nan ma kafin ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya dawo inuwa. Wanda ya fi tsorata ni shi ne hadarin farkon damina, wanda kan haɗu daga gabas cikin ɗan lokaci ya turo iska kafin ruwan ya sauko. In gabas ta fara baƙi, ko kifi na ci, a naɗe.

Duk wannan ba ni na gano shi ba. Wani dattijon masunci ne maƙwabcina, wanda ya zo tun farkon cikar tafkin, ya koya mini, kuma 'ya'yansa da jikokinsa ne yaran da ke raka baƙina. Da na fara, na je na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, ina son ka nuna mini ruwa." Ya ce, "Ɗana, ruwan ba a nuna shi a rana ɗaya. Ka riƙa zuwa." Ya san inda tsohon kwarin Binuwai ya bi a ƙarƙashi, da inda aka bar tsamiya a tsaye ruwa ya rufe ta, da lungun da dorina ke renon ɗanta. Jirgi kowa mai kuɗi zai iya saya. Abin da ya hana wani ya buɗe irin wannan sana'a gobe ya ƙwace mini baƙi shi ne wannan sani, kuma a hannun masunta yake. Saboda haka nake biyan yaran nan da kyau, nake kuma kai wa sarkin ruwa gaisuwa kafin kowace shekarar aiki. Tafkin gonarsu ce. Inda muka ga gora ko jarka na yawo a kan ruwa, alamar ragar kalli ce ko mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi da yawa, sai mu kewaye. Baƙon da ƙugiyarsa ta maƙale a ragar wani, zarensa za a yanke, ba ragar ba. In an yi ɓarna ni ke biya a ranar, ba sai an kai ƙara ba.

Dorina ita ce abin da ba a wasa da shi. Mutanen Garwa sun saba ganinta a kogi daga kan gada, har wasu na ɗaukarta kamar dabbar gida. A kan ruwa ba haka ba ne. In yaro ya ga kunnuwa biyu da hanci sun ɓullo, ko ya ji huci, kowa ya juya ba gardama. Akwai kada ma, shi ya sa nake hana rataya kifi a igiya yana jan jini a gefen jirgi, nake kuma hana sa ƙafa cikin ruwa. Wani abin da baƙi ba sa tunawa shi ne tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa marar gudu inda katantanwa ke zama cikin ciyawa. Wurin da muke tura jirage na share shi na zuba tsakuwa, wanka kuma da ruwan rijiya ake yi a bayan rumfa. Rigar ruwa dole ce. Wani babban mutum ya taɓa ce mini shi ɗan bakin kogi ne, ya iya iyo tun yana yaro. Na ce, "Alhaji, na yarda, amma a jirgina sai da ita." Ya sa.

Kifin da kowa ke zuwa nema giwan ruwa ne. Yana laɓewa gefen duwatsu da gindin kututture yana jiran ƙananan kifaye, don haka ko dai a sa masa ƙaramar karfasa mai rai a ƙugiya, ko a ja masa kifin roba a hankali bayan jirgi. Cinsa ba ya ɓoyuwa. Sanda ta lanƙwashe, zare ya fara kuka, sai hancin jirgin ya juya da kansa ya bi kifin. A nan kayak ya bambanta da tsayuwa a gaɓa: kifin ne ke jan ka, kana zaune dab da ruwa, har ka ga lokacin da ya taso ya buɗe baki yana girgiza kai don ya zubar da ƙugiya, idonsa na ƙyalli. Abin da muke ta nanata wa baƙo a wannan lokaci shi ne ya bar kan sanda ta fuskanci gaban jirgi, ya zauna daidai, kada ya leƙa gefe. Mai leƙawa shi ke kifewa. Yaro kan matso da nasa jirgin ya kama kifin ta leɓe.

Tsege kuma haƙora gare shi masu yanke zare, sai an sa guntuwar waya kafin ƙugiya. Karfasa da tana ake kama ta a bakin ciyawa, ita nake fara sa yara da sababbi a kai don ba ta ba da wuya. Tarwaɗa da ragon ruwa sai wajen magariba. Kurungu ƙarami ne amma ƙayoyinsa kan miƙe su kafe, kuma a jirgin da kifi ke faɗowa tsakanin cinyoyinka wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa kowane jirgi ke da filaya da tsumma. Minjirya kuwa, mai jan mutum kamar wutar lantarki, in ta zo, ba a taɓa ta da hannu.

Inda muka fi yin doguwar magana da baƙi shi ne mayar da kifi ruwa. Bahaushe bai saba ya kama abinci ya sake shi ba, wasu ma gani suke kamar raina ni'imar Allah ne. Na fahimci wannan, don ni ma a haka na tashi. Amma duk tsohon masuncin da ka tambaya zai gaya maka manyan giwan ruwan da ake fitarwa a shekarun farko yanzu sai an dace. Raga mai ƙananan idanu ta yi ɓarna, har da masu jan gidan sauro a bakin gaɓa suna kwashe 'ya'yan kifi. Manyan giwan ruwa kuma galibi mata ne, su ke zuba ƙwai mai yawa. Ƙa'idata ita ce baƙo ya ɗauki matsakaici wanda iyalinsa za su ci, ƙanana su koma, babba ƙwarai a ɗauki hotonsa a riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo ya tafi. Ba na tilasta wa kowa a kan babban, roƙo nake, kuma mafi yawa suna yarda in an yi musu bayani. Ina ganin wanda ya zo wasa bai kamata ya fi mai neman abinci ɗiba ba.

Masu zuwa yawanci ma'aikata ne daga Garwa, likitoci da malamai da mutanen kamfanin auduga, ranakun Asabar da Lahadi. Akan samu 'yan Chadi da ke kan hanya. Turawa sun ragu sosai tun 2013 da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza, ko da yake tsakaninmu da can tafiya ce mai nisa. Waɗanda ke zuwa yanzu sun fi wucewa kogin Faro neman tsege. Wannan ya sa na koma kan mutanenmu, na kuma ga alherin hakan, domin ɗan gida yana dawowa, ya kawo ɗansa, ya kawo abokin aikinsa. Akwai malamin da ba ya damuwa ko ya kama ko bai kama ba. Ya ce mini wurin nan kaɗai ne wayarsa ba ta isa ta kira shi ba.

Daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba hukuma kan rufe kamun kifi a tafkin don kifi ya hayayyafa, mu ma muna ajiye sanduna. Wata uku babu shiga, kuma yaran ba za a bar su haka ba, don haka tun rani nake ware wani abu, in kuma yi noman masara kamar kowa. Lokacin gyara ke nan. Robar kayak ba ta karɓar gam. In ta tsage sai a huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a yanko tsohuwar jarka mai irin robar, a narka ta da ƙarfe mai zafi a cike wurin, a goge. Rana ce babbar abokiyar gabarta, tana sa ta ƙeƙashe, shi ya sa jiragen ke kife a kan katako ƙarƙashin rumfa duk lokacin da ba sa ruwa. Injin naɗe zare kuma ƙurar hunturu ke kashe shi, sai an kwance an wanke an sa mai. Zare mai kyau da kifin roba sai an aika Duwala, ƙugiya da darma kuwa akwai su a kasuwar Lagdo.

Idan aka buɗe a Oktoba tafki a cike yake, ruwa ya hau ciyawa, kifi ya bazu, sai an yi haƙuri. Daga Disamba ruwa ya fara ja ya yi haske, duwatsu su fito, a nan ne fatsa ta fi daɗi. Mai niyyar zuwa ya kwana a Lagdo don kada asuba ta same shi a hanya, ya taho da malafa da riga mai dogon hannu da ruwan sha, wayarsa kuma ya ɗaure ta cikin leda.