Godiya bayan samun shaidar EDGE

Alhamdu lillahi. Jiya bayan La'asar ina kan bene na biyu a wurin aiki a Ikorodu saƙo ya shigo wayata: na ci jarabawar ƙwararrun EDGE. Ga 'yan uwa da ke tambaya, EDGE tsarin tantance gine-gine ne na hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya, kuma gida ba ya samun shaidarsa sai ya rage cin wuta da ruwa da hayaƙin carbon da ake fitarwa wajen yin kayan gini da aƙalla kashi 20 cikin 100 kowanne. Karo na biyu ke nan da na zauna. Na farko na sha ƙasa, ban ma gaya wa kowa ba sai uwargida.

Godiyata ta farko ga Baba, maigidana da ya karɓe ni ina ɗaukar kwanon siminti a Agege shekara 16 da suka wuce. Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin abin da na biya kuɗi na karanta, a bakinku na fara ji: kada a buɗe babbar taga ta fuskanci yamma, a saki bakin rufi ya yi wa bango inuwa, a ɗaga silin. Ku ne kuka ce mini katangar ƙasa mai kauri ta Kano ce da busasshen zafinta, Legas kuwa gumi ne, sai an yi taga ta kalli taga iska ta ratsa. A lokacin ina ganin surutun tsofaffi ne. Yanzu kwamfuta ce ke ba ni lissafin, kuma ba ta ƙaryata ku ba.

Uwargida, wata biyar kina jure fitila a kunne har ƙarfe ɗaya na dare. Yaya, kuɗin rajista na biyu naku ne, Allah ya mayar da alheri. Birkiloli da leburorin da suka riƙe aiki ranakun da na ɓace, ban manta ba.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, aka kuma kai kuɗin wutar Band A (rukunin da ya fi samun wuta) naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu gida suka fara tambayar nawa janareto zai sha kafin su tambayi launin tayil. Da can in na kawo zancen, dariya ake mini.

Masu neman walima: shayi ne da burodi, Asabar bayan Magariba, a ƙofar shagon Baba. Baba ne zai fara riƙe takardar.