Abin da wayar lantarki ta koya mini a aikin tuƙin jirgi

Lokacin da nake koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, na ɗauka hadari da hazo ne manyan abokan gaban matuƙi, har ranar da malamina ya sa muka bi wani kwari ƙasa-ƙasa, ya ce in nuna masa wayar da ta ratsa shi. Na zura ido iya ƙarfina ban ga komai ba. Sai ya nuna mini turke ɗaya a gefen tudu, rabinsa a ɓoye cikin itatuwa, da ɗan'uwansa can tsallake, sannan na hango wani siririn zare mai launin toka ya saje da ƙasa. A ranar na fahimci cewa matuƙi ba waya yake nema ba, turaku yake nema, kuma duk inda ya ga gida ko hanya ko famfon ban ruwa, to ya ƙaddara akwai waya a kusa.

Lissafin abin yana da ban tsoro. Jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa yana cin mita 50 a kowace daƙiƙa, don haka wanda ya hango waya daga nisan mita 150 daƙiƙa uku kawai gare shi, ya gane ta, ya yanke shawara, jirgin kuma ya amsa. Idan rana ta yi ƙasa tana dukan fuska, ko gilashin gaba ya yi ƙura, ko wannan ɗan lokacin ba zai samu ba. Shi ya sa ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta hana tashi ƙasa da ƙafa 500 ba tare da izini ba, a saman gari kuwa ƙafa 1,000. A ranar 3 ga Fabrairun 1998, wani jirgin sojan Amurka da ya sauko ƙasa da iyakar da aka ba shi ya tsinke igiyar ƙarfen da ke ɗauke da akwatin fasinjoji a Kabalese ta ƙasar Italiya, mutum 20 suka rasu, shi kuwa jirgin ya koma sansaninsa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na same shi ne daga baya, a aikin feshin gonaki, inda tashi ƙasa-ƙasa ya zama dole. Sau da yawa wayar da ke kayar da jirgi matuƙin ya san da ita, ya ma tsallake ta sau goma a ranar. Gajiya ce ke shiga, ko a yi masa magana ta rediyo, ko hankalinsa ya koma kan ragowar magani a tanki, sai ta fita daga ransa. Ni ma ya taɓa faruwa da ni a zagayen ƙarshe na wata gona, na ja jirgin sama da ƙyar, har yau ina jin bugun zuciyar wannan lokacin.

Ƙwallayen da ake rataya wa wayoyi suna taimakawa, haka ma wuƙaƙen yankan waya da ake ɗaura wa wasu jirage a sama da ƙasan hanci, amma ba kowace waya ake yi wa alama ba, kuma ba kowace ce wuƙa ke iya yankewa ba. Yanzu ba na sauka kan gona sai na kewaya ta daga sama na ƙirga turakunta. Idan zan tsallake layin lantarki, ta kan turken nake bi, domin akwai wata siririyar waya a can ƙololuwa da ba a cika ganinta ba. Kafin kowane juyi kuma nakan ambaci wayar da bakina, ko da ni kaɗai ne a cikin jirgin.