Kejetia da kwak masu nauyi

A shekarata ta ƙarshe a jami'ar Tech, nan Kumasi, aka ba ni aikin rubutu kan J/psi, ƙwayar da aka gano a 1974 a Brookhaven da Stanford kusan lokaci guda. Kwak su ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi furoton da niyutoron, guluwon kuma su ke ɗaure su; J/psi kwak ne mai nauyi, wanda ake kira cam, ɗaure da kishiyarsa, wato anti-cam. Abin tambaya shi ne, ina makomar wannan ɗauri a cikin zafin da ya kusa digiri tiriliyan 2, inda furoton da niyutoron ke narkewa, kwak da guluwon su bazu?

Amsar da Matsui da Satz suka bayar a 1986 ba ta ba ni wuya ba, don na taso ina bin Hajiyarmu kasuwar Kejetia. Idan kasuwa ta cika maƙil, uwa na kira, ɗa ba ya ji, jama'a sun shiga tsakani. Haka guluwon da ƙananan kwak ke tare ƙarfin da ke riƙe cam da kishiyarsa, su rabu. Yaron da ya ɗan ja baya shi ke fara ɓata, mai riƙe da bakin zane ya daɗe. Na'urar CMS a cibiyar bincike ta CERN ta ga haka a dangin Ufsilon, masu kama da J/psi amma da kwak mafi nauyi: masu sakakken ɗauri, 2S da 3S, sun fi 1S raguwa nesa ba kusa ba.

Daɗin misalin ne ya ja ni. Na rubuta cewa tunda karon ƙwayoyin dalma a LHC, injin karo na CERN, ya fi karon ƙwayoyin zinariya a RHIC na Brookhaven zafi, dole J/psi ya fi ɓacewa a LHC. Malaminmu ya ja layi da jan biro, ya ce, "Je ka duba abin da na'urar ALICE ta LHC ta auna."

Ashe akasin haka ne, musamman ga J/psi masu tafiya a hankali. Karo ɗaya a LHC kan haifi cam gommai, to idan wurin ya fara hucewa, cam da ya rabu da tasa sai ya kama wata kishiyar, a sami sabon J/psi. Braun-Munzinger da Stachel sun hango wannan tun 2000, ni kuwa ban kai shafin ba.

Da na ba Hajiya labari a Aboabo, cewa yaron da ya ɓata yakan kama zanen wata matar ya bi ta gida, sai ta ajiye ludayin koko ta ce, "Allah ya sawwaƙe. A wace kasuwa?"