Ƙarar da Anaconda ke yi da sassafe, kafin ka bari a sauke maka inji

Duk mai Honda Accord ta 2008 zuwa 2012, wadda muke ce wa Anaconda, mutanen Kudu kuma su ce Evil Spirit, in dai mai silinda huɗu ce to da wuya bai san ƙarar nan ba. Mota ta kwana, da safe ka murɗa makulli sai ka ji garrrr kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kafin ka gama cewa innalillahi ta ɗauke, inji ya koma lafiya lau, kuma har dare ko sau nawa ka kashe ka tayar ba za ka sake jin ta ba sai gobe. Lokacin hunturu abin ya fi yawa. To matsalar ita ce sanda za ka isa gareji injin ya riga ya yi zafi, makanike ya kasa kunne bai ji komai ba, kai kuma kana ta kwatance da baki, shikenan sai a shiga canke, wannan ya ce metal ne wancan ya ce tayimin cen ne, wani ma kai tsaye zai ce Alhaji kawai ka nemo injin Baljiyam ka huta.

Galibi abin bai kai nan ba. A bakin kamshaf ɗin injin nan, wato sandar da ke buɗe bawul, akwai wani giya da ake kira VTC, shi ne yake ɗan sauya lokacin buɗewar bawul daidai da yadda kake taka totur, kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki. A cikinsa akwai ɗan fin ƙarami da ya kamata ya kulle shi in an kashe mota. In fin ɗin bai kama ba, mai kuma ya gangare ƙasa cikin dare, da ka tayar sai cikin giyan ya yi ta kaɗawa har famfo ya turo mai sama ya cika shi, shi ya sa ƙarar ba ta wuce kamar daƙiƙa 2. Kamfanin Honda da kansa ya fitar wa makanikansa takarda a kan wannan, mai lamba 09-010, gyaran da ya faɗa shi ne a canza giyan, kuma daga sama ake aikin, murfin kan inji ake buɗewa, ba a sauke inji. Wasu Camry masu 2.5 da Corolla ta 2009 su ma suna da irin wannan hali a nasu giyan na VVT-i.

Ni a ganina tambayar farko ba wace irin ƙara ba ce, yaushe take zuwa kuma yaushe take tafiya. Ƙarar metal, wato in beyarin ɗin da ke tsakanin konrod da karanshaf ya cinye, ba ta da kunya irin wannan, daga ƙasan inji take fitowa ƙwam ƙwam mai nauyi, in inji ya yi zafi mai ya tsinke sai ta ƙara fitowa fili, in ka taka totur ta bi ka, wani lokacin har fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in mota na tsaye tana silo. Wannan kam kashe motar ake yi a nemo janwe, don in ka ce bari in lallaɓa in kai gida to karanshaf ɗin ma sai ka saya. Makanikan da suka san aiki suna cire soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, silindar da aka cire wa wuta ƙarar ta ragu, a nan ciwon yake. Ƙarar tafet kuma, wato ta wurin da ake danna bawul, siririya ce, cak cak cak daga sama, kuma ba ta kai ta ƙasa sauri ba tunda kamshaf zagaye ɗaya yake yi in karanshaf ya yi biyu. Injin nan ana saita masa tafet da hannu, mutane da yawa ba su taɓa yi ba tun da motar ta sauka daga Kwatano.

Sai na waje waɗanda ba ruwansu da cikin inji sam, fambel da ya saki yana ƙiii da safe ko in ka kunna AC, beyarin ɗin altaneta, famfon ruwa (wata fam), ko farantin nan na jikin salansa da ƙusarsa ta kwance yana rawa. A cire fambel a tayar da mota na ɗan lokaci kaɗan, in ƙara ta ɓace ka san a layin bel take. Kar dai a bar ta ta daɗe a haka don ruwa ba ya zagayawa. Da dogon sukundireba ma ana ganewa, ka ɗora bakinsa a wurin da kake zargi ka kafa kunne a mariƙin, amma dan Allah mai babbar riga ya cire ta tukuna, bel ba ya wasa.

Tayimin cen, wato sarƙar da ke haɗa karanshaf da kamshaf, in ya miƙe yakan kunna fitilar cek inji, in aka jona kwamfuta sau da yawa lamba P0341 take nunawa a wannan injin, to in ba fitila ba lamba, ƙara kuma ta daƙiƙa 2 ce kawai da safe, ban ga dalilin da za a ce sai an canza cen da duk danginsa ba tun kafin a duba.

Maganar mai kuma ita ce take ba ni haushi. Littafin motar mai mai lamba 5W-20 ya ce, na baya-bayan nan ma 0W-20, amma mu duk abin da ke da taya huɗu 20W-50 muke ɗura masa wai ai ƙasarmu zafi gare ta, mai kauri kuwa da sanyin safiya ya fi jinkirin hawa sama, ga shi hanyoyin man VTC ƙanana ne. Ga filtar mai ta arha da ba ta riƙe mai in an kashe mota, ita kaɗai ma tana iya sa inji ya yi ƙara da safe. Saboda haka kafin ka nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman giyan VTC, fara da duba gejin mai, a yi juye da man da ya dace da filta mai kyau, a saurara kwana biyu. In ba ta daina ba ka bar motar ta kwana a gareji, ko ka buɗe bonet ka ɗauki ƙarar a waya wani ya tayar maka, makanike ya ji da kunnensa. Giyan da aka ciro daga tsohon inji kuma sa'a ce, mai yiwuwa shi ma da ciwon ya zo.

Mai shirin saye kuwa, ka ce wa dillali da sassafe za ka zo kuma kar a tayar kafin ka iso, in ka je ka fara taɓa kan injin da bayan hannu, in da ɗumi to an riga ka, ka dawo gobe.